Ciwon jikin da gwaji ba ya gani: yadda za ki bi tukunyarki don samun sauƙin faibromayaljiya

Yayata da ke aure a Jega ta fi shekara uku tana shan maganin maleriya da taifot kafin a gane ba su ne ke damunta ba. Ta kwana ta tashi kamar wadda aka kirɓa a turmi: wuya, kafaɗu, ƙugu, cinyoyi, ko'ina tsami, yau a dama gobe a hagu. Ta ɗora tukunya ta rasa ko ta sa gishiri ko ba ta sa ba. An yi ƙarin ruwa, an yi allurai, an sha rubutu. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce sammu, uwar mijinta kuwa ta yanke hukuncin son jiki ne, tunda ga mace nan ɓul-ɓul, ba rama ba kumburi. Ranar da wani likita ya ce ciwon yana da suna, faibromayaljiya, sai ta fashe da kuka tana cewa, "Ashe dai ba ƙarya nike ba."

Da ta share hawaye, tambayar da ta fara yi ita ce wadda kowa ke yi: "Likita, mi zan bar ci?"

Babu wani jerin abinci da aka haramta wa duk mai wannan ciwo, kuma babu abincin da ke warkar da shi. Wanda ya ce miki akwai, ki duba hannunsa, yawanci yana riƙe da abin sayarwa. Abin da ke akwai shi ne hanyar da za ki bi ki gano abin da ke tayar miki da shi ke kaɗai, ki kuma toshe ƙofofin da abinci ke ƙara masa ƙarfi ta cikinsu: rashin barci, ɓacin ciki, ƙarancin jini, da nauyin jiki. Da mace nake magana domin mata ya fi kamawa, amma namijin da ke fama da shi, duk abin da ke nan ya shafe shi.

Ki fara sanin da wa kike faɗa

Ba a tsoka ko gaɓa ɓarnar take ba, shi ya sa hoton ƙashi da gwajin jini ke fitowa lafiya lau. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya: taɓawar da wani ba zai ji ba, ke sai ki ji ta har tsakar kai. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'aunin gane shi ta hanyar danna wurare 18 a jiki, idan 11 sun yi zafi a ce shi ne. Daga 2010 aka bar dogaro da dannawar, aka koma duba ciwon da ya game sassan jiki na aƙalla wata 3, tare da gajiya, barcin da ba ya hutar da mutum, da hazon tunani. Ana ƙiyasta cewa mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100 na da shi.

A jagorar da likitocin gaɓoɓi na Turai suka fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai suka ba goyon baya mai ƙarfi, sama da kowace ƙwaya. Binciken da aka yi kan abinci ƙanana ne, mutum talatin nan, saba'in can. Na faɗi wannan tun da wuri don kada ki ɗora wa tukunya abin da ba za ta iya ɗauka ba. Taimako take yi, tare da tafiyar ƙafa kaɗan kaɗan kullum da maganin da likita ya rubuta.

Mataki na 1: a tabbatar shi ne

Kada ki cire ko loma ɗaya daga abincinki kafin a duba cututtukan da ke kama da shi, domin wasunsu suna da magani kai tsaye. Ƙarancin jini yana sa gajiya da jiri. Raunin tayirod, wato ƙullin gaban wuya da idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, yana sa kasala, jin sanyi da ciwon tsoka. Haka ciwon sukari, ƙarancin bitamin D, da ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Wanda ya zauna inda ake niƙa dutsen zinariya ya faɗa wa likita, domin gubar dalma irin wadda ta yi ɓarna a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 tana sa manya ciwon gaɓoɓi, ciwon ciki da gajiya. Ana iya fara waɗannan gwaje-gwaje a Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, idan abin ya buƙaci ƙwararre a tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Idan kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi ba ya sauka, ko gaɓa ta kumbura ta yi ɗumi, ko kina ganin jini a bayan gida, wannan ba maganar abinci ba ce, asibiti za ki nufa. Mai ciki, mai shayarwa, mai sikila, mai ciwon ƙoda ko sukari, kada ta shiga gwajin cire abinci da ke ƙasa sai da sanin likitanta.

Mataki na 2: littafi da biro, mako biyu, ba tare da canza komai ba

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ciwon nan yana hawa yana sauka don kansa. Idan kika bar wake ranar Litinin kika tashi da sauƙi ranar Laraba, za ki rantse wake ne, alhali ƙila daren Talata ne kawai aka kawo wuta kika yi barci da fanka.

Ki samu littafin makaranta mai ganye arba'in. Kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta abin da kika ci da lokacin da kika ci shi, har goron da aka miƙo miki a gidan suna da lemun kwalbar da baƙuwa ta rage. Sannan ki ba abubuwa huɗu maki daga 0 zuwa 10: ciwo, gajiya, barcin jiya, da halin ciki. A gefe ki rubuta aikin da kika yi, ko daka ce ko wanki ko tafiya biki, da ranakun al'ada, da duk wani ɓacin rai babba. Waɗannan suna tayar da ciwon fiye da yadda ake zato, kuma idan ba a rubuta su ba, abinci ake ɗora wa laifinsu.

Yayata ba ta da haƙurin rubutu. 'Yarta ta aji biyar ce ke riƙe littafin, ita kuma ta ajiye kofi da ƙwayar wake goma a kan taga. Da dare sai ta zuba adadin da ya yi daidai da ciwon ranar a cikin kofin, yarinyar ta ƙirga ta rubuta. Mai ajami ta rubuta da ajami. Mai waya ta naɗi muryarta.

Bayan mako biyu ki zauna ki duba ranakun da makin ya haura 7, ki ga me ya gabace su da kwana ɗaya ko biyu. Ko ba ki ga komai ba, kin samu ma'aunin da za ki gwada duk canjin gaba da shi. Ƙa'idar daga nan guda ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda.

Mataki na 3: goro da shayi

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya kacal, wannan zan zaɓa. Rashin barci mai nauyi yana ƙara jin zafi, zafi kuma yana hana barci, sai abin ya zama igiyar da ke ɗaure kanta. Mai gajiya kuma me take nema? Ɓarin goro don ido ya buɗe.

Goro na ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, shayi, lemun kwalba baƙi da lemun ƙara kuzari na gwangwani. Jiki na ɗaukar wajen awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Wato goron da kika ci bayan la'asar, rabin ƙarfinsa na nan a jininki lokacin da kika kwanta ƙarfe goma. Za ki iya yin barcin, har ki ce ai ni goro ba ya hana ni barci, amma barcin sama sama ne, ki tashi kamar ba ki runtsa ba.

Kada ki yanke lokaci guda, ciwon kai mai tsanani zai biyo baya na 'yan kwanaki, ki ɗauka rashinsa ne ke cutar da ke. Makon farko ki hana kanki bayan la'asar. Mako na biyu ki dawo da iyakar zuwa azahar. Idan bakin ya saba da tauna wani abu, ki ajiye aya ko gyaɗa ko yalo kusa. Shayin dare a maye gurbinsa da tafasasshen citta da kanumfari ba ganyen shayi a ciki. Ki ba shi mako uku kina duba makin barci.

Tuwon dare ma a matso da shi. Cin malmala biyu ƙarfe tara da rabi sannan a kwanta yana kawo ƙwarnafi da juye-juye. A ci bayan magariba, a bar awa biyu ko uku tsakaninsa da shimfiɗa.

Mataki na 4: kada ki wuni da yunwa ki cike da zaƙi

Tsarin da na fi gani shi ne: safe shayi mai sukari cokali huɗu da burodi, rana ba komai saboda ba ƙarfin girki, yamma jiki ya fara rawa a aika yaro ya sayo lemo. Sukari ya hau da gudu ya sauko da gudu, gajiyar ciwo ta haɗu da ta yunwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, kusan cokalin shayi 12. Babbar robar lemo guda na iya cinye wannan kason duka. Zoɓo da kunun zaƙin sayarwa ma sau da yawa ba su da nisa da haka. Ki dafa zoɓonki a gida ki rage sukarin rabi, cikin mako biyu harshe ya saba.

Abin da ake so shi ne ci sau uku a kan lokaci, kowanne da abin da ke riƙe ciki. Koko shi kaɗai ba ya kai ki hantsi, amma koko da ƙosai ko dafaffen ƙwai yana kaiwa. Kunun gyaɗa, fura da nono ba sukari mai yawa, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, faten dankali da alayyafo, awara, duk abincinmu ne kuma sun fi burodi da taliyar leda nesa ba kusa ba. Ana yawan yaba abincin mutanen bakin tekun Bahar Rum ga masu ciwo mai daɗewa, amma idan aka warware shi, hatsi ne da ba a cire masa dusa ba, wake, ganye, kifi, 'ya'yan itace da mai mai kyau. Ba sai kin nemo man zaitun mai tsada ba. Gero, dawa, kuka, kuɓewa, rama, yakuwa, kabewa, riɗi da man gyaɗa sun tsaya a wurinsu. Gyaran da ake buƙata na yawa ne: miya ta ƙaru, tuwo ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. A aikace, kwaɗon ganye cikin ƙaramin kwano da rana, miyar ganye mai kauri da dare, da lemu ko gwaba ko yankan gwanda a tsakani.

Mu a Kebbi shinkafa ce abin alfaharinmu, daga fadamun Argungu har Suru da Yawuri, kuma ba laifinta. Wadda aka turara kafin a cashe ta fi riƙe bitamin fiye da fara sol da aka goge. Sai dai a riƙa sauya ta da gero da dawa, kuma idan za a surfa su kada a surfe har su yi fari tas, domin a dusar nan maganiziyam da harzar da ke gyara hanji suke.

Ranar da jiki ya yi sauƙi, kada ki rama duk aikin mako a cikinta, gobe za ki biya. Ki yi amfani da ita ki soya kayan miya mai yawa, ki kai niƙa inji maimakon daka, ki daka ƙuli da yaji ki ajiye, yadda ranar da ciwo ya taso abinci mai kyau ba zai gagara ba.

Mataki na 5: cike giɓi

Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, musamman masu haihuwa kusa kusa, kuma yana ninka gajiyar wannan ciwo. Nama, hanta sau ɗaya a mako ga wadda ba ta da ciki, kifi, wake da ganye suna ba da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Dabara biyu ke nan. Shayi yana hana hanji tsotse shi, don haka a raba shi da abinci da aƙalla awa ɗaya. Bitamin C kuma yana taimaka masa shiga, don haka a matsa lemun tsami a kwaɗo, ko a dama garin ƙwallon kuka a sha.

Za ki yi mamakin a ce a ƙasar da rana ke dafa ƙwai akwai mai ƙarancin bitamin D. Akwai, domin fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma macen da ke wuni a ɗaki saboda ciwo, idan ta fita kuma ta rufe jiki ruf, ba ta samun rabonta. Wani ƙaramin bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2014, kan mata 30 masu wannan ciwo da ke da ƙarancinsa, ya nuna ciwon ya ragu da aka cike musu. Ga wadda nata ya cika, ƙari ba ya amfanar da komai, yawansa ma cuta ne. Ki zauna a tsakar gida da hantsi kamar minti goma sha biyar, damatsa da ƙauri a buɗe, sau da dama a mako. Ƙwayarsa kuwa sai an gwada an ga buƙata.

Kifi sau biyu a mako. Tarwaɗa, karfasa da giwan ruwa na kogunanmu nama ne mai kyau da sauƙin narkewa, amma man omega-3 da bitamin D sun fi yawa a kifin teku mai maiƙo, irin taitus da shawa da ake sayarwa a daskare, da sadin na gwangwani. A dafa shi a miya ko a gasa, ya fi a soya shi ƙayau a man da aka juya sau biyar.

Mataki na 6: gwajin cirewa, kuma a nan ake buƙatar natsuwa

Sai kin yi wata guda a kan matakan baya za ki zo nan.

Na farko, magi. Dunƙulen magi da farin magi suna ɗauke da gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ma ke amfani da irinsa wajen isar da saƙon zafi, shi ya sa aka zarge shi. A 2012 masu bincike a jihar Oregon ta Amurka sun sa masu wannan ciwo da ke da matsalar hanji su bar shi, tare da asfatem, zaƙin da ake sa wa lemun da aka ce ba sukari, na mako 4. Daga cikin 37 da suka kammala, kashi 84 cikin 100 sun ce alamunsu sun ragu sosai. A 2014 aka yi makamancinsa a Sifaniya da mata 72, ba a ga wani bambanci ba. To wa za a bi? Jikinki. Gwajin ba shi da haɗari, kuma ko bai taɓa ciwon ba kin rage gishiri, wanda bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba.

Ki bar su mako huɗu cur, har da taliyar leda da garin ɗanɗanonta, da yajin tsire na kasuwa. Miya ta samu daɗinta daga busasshen kifi, citta, masoro, kimba da tattasai. Daddawa ita ma tana da nata gulutamet na halitta da ruɓawar kalwa ke haifarwa, don haka a makonnin gwaji a sa 'yar kaɗan. Bayan mako huɗu ki dawo da magin kwana uku a jere ki duba maki. Idan ba abin da ya motsa, an wanke shi, ki wuce.

A gidan da tukunya ɗaya ce, ba sai an hana kowa ba. Yayata ta roƙi abokiyar zamanta, ranar girkinta ta ɗebar mata miya a ƙaramar tukunya kafin ta jefa magi. "Yaya, ai wannan ba wani abu ba ne," in ji ta, kuma ba ta taɓa mantawa ba.

Na biyu, ga mai kumburin ciki kaɗai. Da yawa daga masu faibromayaljiya suna da hanji mai saurin harzuƙa: ciki ya cika da iska, ya murɗa, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. Idan makin cikinki a littafi ƙasa yake, tsallake wannan gaba ɗaya. Idan yana sama, akwai tsarin da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta ɓullo da shi, na rage cin abin da ake kira FODMAP. Wasu nau'o'in sukari ne da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau, sai su wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke can su ruɓar da su, iska ta taru, ruwa ya taru. Hanjin kowa na yin haka, amma mai jijiyoyin da aka ƙure wa murya ita ke jin sa a matsayin ciwo. A Fotugal a 2016 an gwada tsarin kan mata 38 masu faibromayaljiya, ciki ya lafa, ciwon jiki ma ya ragu.

Ga inda abin zai yi wa Bakabiya zafi: albasa ce kan gaba. Mu da Aliero ke ciyar da rabin ƙasa da albasa, a ce a yi miya ba ita? Akwai mafita. Sukarin da ke cikinta yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai. Ki yanka ta manya manya, ki soya a mai har ƙamshi ya fito, ki tsame ta tas kafin ki zuba ruwa ko tumatir. Haka tafarnuwa. Koren lawashi kuma ba shi da matsalar, ki zuba yadda kike so.

Sauran da za a ɗaga wa ƙafa na ɗan lokaci su ne alkama da fulawa, wake mai yawa, madara, zuma, mangwaro, kankana, da dabino idan ya wuce ɗaya ko biyu. Waɗanda za ki ci hankali kwance: shinkafa, gero, dawa, masara, nama, kifi, ƙwai, gyaɗa, karas, alayyafo, gwanda, lemu, abarba. Awara ta fi wake sauƙi, domin yawancin sukarin ya bi ruwan da aka matse. Nono mai tsami ya fi madara sauƙi, amma a fara da kaɗan.

Mako 2 zuwa 6 ake yi, ba a zama a kai. Daga nan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana uku: rana ta farko cokali biyu na wake, ta biyu rabin kwano, ta uku kwano. A huta kwana biyu, a gwada na gaba. Yawanci abu ɗaya ko biyu ne ke da laifi, kuma ko su ma yawa ne ke jawo matsala. Wake musamman kada a sallame shi, shi ne naman talaka; a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi luguf. Na ga wadda ta bi maganar mutane ta bar wake, nono, gyaɗa, ƙwai da nama lokaci guda, ta koma farar shinkafa da mai. Ciwon bai tafi ba, ƙarancin jini ya ƙaru a kai.

Maganar barin alkama gaba ɗaya saboda gulutin, wani sinadari da ke cikinta, da ake yayatawa a Facebook, wannan ga masu wata cutar hanji ce ta daban da ake ganewa ta gwaji. Idan ana zarginta, a yi gwajin kafin a bar alkamar, in ba haka ba sakamakon zai fito ba daidai ba.

Mataki na 7: nauyi, da abin da ke cikin leda

Idan jiki ya yi nauyi, rage shi na daga cikin abubuwan da suka fi samun hujja. A Masar a 2012 an sa masu ƙiba da ke da wannan ciwo a kan rage abinci na wata 6, suka samu sauƙin ciwo, barci ya gyaru, damuwa ta ragu. Na san a wurinmu matar aure ta rame sai a fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. Ba ramewa ake nema ba. Kilo biyar daga jikin mai kilo casa'in ma ana jin sa a gwiwa. Idan kin bi mataki na 4, rabin aikin ya yi kansa.

Wasu magungunan ciwon, irin amitiriftilin da firegabalin, suna buɗe ciki su ƙara nauyi. Kada ki daina su da kanki, ki faɗa wa likita. Abin da ya kamata ki daina shi ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna. Daikulofenak da danginsa ba sa yi wa wannan ciwo abin kirki tunda ba kumburi ba ne, sai dai su bar ki da gyambon ciki su taɓa ƙoda. Dekzametazon yana kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Taramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu. Haka jarkokin da ake talla da lasifika ranar kasuwa, masu maganin cuta arba'in. Ba ki san abin da aka narka a ciki ba. Zogale ganye ne mai kyau, ki ci shi a kwaɗo, ba sai kin saye shi a kwalba da kuɗin buhun gero ba.

Zafi da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma ƙarancin ruwa a jiki na kawo ciwon kai da kasala da za ki ɗauka ciwon ne ya taso. Ki duba fitsari: idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba.

A watan azumi kada ki fara wani gwajin cirewa, komai ya riga ya sauya, littafin ba zai faɗa miki gaskiya ba. Mai cin goro ta fara ragewa tun Sha'aban. Sahur a jinkirta shi, a ci mai riƙe ciki, kamar fura da nono ko tuwon dawa da ƙwai, ba shayi da burodi ba. Buɗa baki a fara da ruwa da dabino da kunu, a yi salla, sannan a ci abinci a hankali, ruwa kuma a rarraba shi har zuwa kwanciya. Lokutan shan magani a tsara su da likita kafin wata ya kama. Idan azumin yana kwantar da ke, sauƙin da Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara ya haɗa da ke, ko da masu kallo ba sa ganin ciwon. Ki tambayi malami yadda za ki rama.

Bayan wata uku ki ɗauki littafin ki kai wa likita, ya fi "jikina duka ke ciwo" amfani a wurinsa. Na yayata ya nuna magi ba ruwansa, wake ma haka in bai wuce rabin kwano ba. Goron yamma da ɗanyar albasar kan kwaɗo su ne nata. Ciwon bai rabu da ita ba, da hunturu har yanzu takan kwana biyu a kwance, amma ƙwayar waken da ke shiga kofi ta sauko daga takwas zuwa huɗu ko biyar a yawancin ranaku. Ta shuka lawashi a tsohon bokiti bayan ɗakin girki, goron da ake ba ta a biki kuma tana ƙulle shi a bakin zane ta kai wa uwar mijinta.